Neman shawara: ina za mu sauka a Barcelona bayan mun sauko daga jirgin ruwa?

Maman Khalifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, kaina ya kulle, ko barcin kirki ba na samu. Maigidana ya yi ritaya bara, sai ƙaninsa da ke zaune a Ingila ya ce lokaci ya yi da zai saka masa da alheri, domin tun rasuwar mahaifinsu maigidan ne ya riƙe shi, shi ya biya masa kuɗin jarrabawa, har filinsa ya sayar lokacin da yaron zai fita karatu. To shi ne ya biya mana kuɗin yawon shaƙatawa a irin manyan jiragen ruwan nan da ke zagaya Bahar Rum, a tashi daga Barcelona a dawo Barcelona. Da farko mu biyu ne. Daga baya Hajiya surukata ta ce ita ma tana son ganin ɗanta, rabonta da shi tun bikin autarsu, aka ƙara da ita, ni kuma na ce ba zan bar Khalifa a gida ba tunda lokacin hutu ne. Matar ƙanin ba ta ji daɗin ƙarin nan ba, na gane daga yadda take amsa min saƙo, shi ya sa ba na son in sake tambayarsu komai. Ƙanin da matarsa daga saukowa filin jirgin sama za su wuce, mu kuma sai mun kwana uku kafin namu jirgin ya tashi, kuma kuɗin otal daga aljihunmu zai fito.

Na riga na kama ɗaki a wani ƙaramin otal a tsohon gari, unguwar da ake kira Barri Gòtic, don na ga a taswira dab da tashar jiragen ruwa yake, hotunansa kuma sun yi kyau. Yanzu wata ƙawata ta ce min unguwar 'yan sane ce. Ga Hajiya tana fama da ciwon gwiwa, kuma ba ta cin naman da ba ta san yankansa ba. In bar shi ko in canza? In canzawa ce, wace unguwa?

Hajiya Rabi Kaduna: Wa alaikumus salam. Masha Allah, Allah ya sa a je lafiya a dawo lafiya. Amma ba ki faɗi watan ba, ba ki faɗi nawa kuka ware ba, ba ki faɗi ƙarfe nawa jirginku zai tashi ba. Ta ina za a fara ba ki shawara?

Alhaji Sabo Mai Tayil: Maman Khalifa, ki soke wannan ɗakin yau ɗin nan. Ni ta Barcelona nake bi duk lokacin da zan je Castellón sayen tayil, na san garin. Taswira ce ta ruɗe ki. Manyan jiragen ba a bakin gari suke tsayawa ba, a Moll Adossat suke tsayawa, wani dogon gaci can cikin tashar, sai an hau gada kafin a fito gari. Ba wanda zai taka wannan da akwatuna, balle dattijuwa. Ko dai ku hau bas ɗin tashar da ke sauke mutane kusa da gunkin Columbus a ƙasan La Rambla, fitaccen titin nan na tsakiyar gari, ko ku ɗauki tasi, baƙi da ruwan ɗorawa ne tasin garin. Ku huɗu da kaya sai babbar tasi, kuma akwai ɗan ƙarin kuɗi da ake ɗorawa in daga tashar aka ɗauko mutum. Tunda dole sai an hau mota, kusancin da kike gani bai amfane ki da komai ba.

Ita kuma Gòtic lunguna ce zalla, kamar cikin birni wajen Kasuwar Kurmi, da yawansu mota ba ta shiga. Mai tasi zai ajiye ku a Via Laietana ko La Rambla ya nuna muku hanya da hannu, ku ja akwati a kan daɓen dutse. Gine-ginen tsofaffi ne, wani ba lif, wani akwai lif amma sai an hau matakala kafin a kai gare shi. Ki nemi otal a Eixample, tsakanin Plaça de Catalunya da Passeig de Gràcia. Tun 1859 wani injiniya mai suna Cerdà ya zana unguwar, tituna masu faɗi a miƙe, ƙasa a shimfiɗe, tasi har bakin ƙofa. Daga dandalin Plaça de Catalunya kuma bas ɗin Aerobús ke tashi zuwa filin jirgi na El Prat, kamar minti 35 ne. Ba wata shawarar da ta wuce wannan.

Maman Khalifa: Na gode Alhaji, Allah ya ƙara girma. Amma na duba Eixample tun farko, kuɗin ya kusa ninka wanda na kama. Kuma mutanen da suka taɓa sauka a otal ɗin nan sun yaba shi sosai, na karanta da idona. Watan Agusta ne tafiyar, Hajiya Rabi.

Alhaji Sabo Mai Tayil: Waɗanda suka yaba samari ne masu jaka a baya. Cikinsu wa ya zo da uwa mai ciwon gwiwa? Agusta kuma akwai zafi mai gumi, ki tabbatar ɗakin yana da na'urar sanyaya ɗaki, ƙananan otal na tsohon gari ba duka ke da ita ba.

Ummu Sudais: Alhaji ya yi maganar titi da mota, ya manta da ciki. Ni da muka je da Abban Sudais wahalar abinci ce ta fi damunmu. Otal ɗin da muka sauka karin kumallonsu duk inda ka duba naman alade ne a jere, burodi da shayi kawai muka iya taɓawa alhali mun biya kuɗinsa cif, na yi musu magana suka ce haka tsarinsu yake. Har yau abin yana min ciwo. 'Yar uwa ki nemi wuri a El Raval, ɗaya gefen La Rambla. 'Yan Pakistan da Maroko da Bangladesh sun cika unguwar, mahauta na halal, gidajen abinci masu shinkafa da kaza da yaji, ga masallacin Tariq bin Ziyad a cikinta. Kar ki sa ran ganin hasumiya, masallatansu cikin gine-gine suke. Hajiya za ta ci abinci hankali kwance. Kuma kar ki biya kuɗin karin kumallo a otal. Ki sa buta a kaya.

Alhaji Sabo Mai Tayil: Raval a je a ci abinci da rana a dawo. Ba wurin kwana da iyali ba ne. Hayaniyar mashaya har asuba, ga masu fizgen waya.

Musah Kumasi: Salam. Ni ɗan Zangon Kumasi ne, a Kataloniya, yankin da Barcelona take, nake zaune nake aiki. Alhaji da Ummu Sudais duk suna da gaskiya, sai dai Raval ba ɗaya ba ce. Ƙasanta wajen teku da dare ni ma ba zan kai mahaifiyata ba, amma samanta wajen Universitat lafiya lau. Ni Sant Antoni zan ce ki duba. Cikin Eixample take, titunanta masu faɗi, amma titi ɗaya za ki tsallaka ki shiga Raval ki sayo abinci. Akwai babbar kasuwa da aka gyara aka sake buɗewa a 2018, kayan marmari da kifi duk akwai. Sau da yawa ta fi Passeig de Gràcia sauƙin kuɗi. Maganar sane kuwa ba unguwa ɗaya ba ce, a La Rambla da cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa aka fi yi, duk inda kika sauka sai kin riƙe jakarki a gaba. Fasfo a bar shi a ɗaki bayan an nuna a otal.

Malam Auwal: Ni tambayata daban ce. Jiragen nan an ce giya da kiɗa da caca ne a ciki dare da rana, ga tsiraici a wajen wanka. Ya dace a kai dattijuwa da yaro irin wannan wuri? Da kuɗin nan Umra aka kai ta ai da ya fi.

Maman Khalifa: Malam, Hajiya ta sauke farali, ta yi Umra kuma. Ba mu muka zaɓi tafiyar ba, kyauta aka yi mana, kuma ba wanda zai ja mu wurin da ba mu so. Otal na tambaya don Allah.

Abu Hanan: Ku dai ku gode wa Allah da kuka samu biza. Ni takarduna ba abin da babu, takardar banki, wasiƙar wurin aiki, inshora, har otal na biya, ofishin jakadancin wata ƙasar Turai suka dawo min da fasfo wai ba su gamsu zan dawo ba. Mutum da mata biyu da 'ya'ya da shago, ina zan gudu? Otal ɗin ma ba su dawo min da ko sisi ba saboda wanda ba a sokewa na kama. Maman Khalifa, naki ana sokewa kuwa?

Alhaji Sabo Mai Tayil: Tambaya mai kyau. Kuma tunda an taɓo biza: ki duba kwana nawa aka rubuta muku, ki haɗa kwanakin jirgin da ukun nan da ranar isowa. Sannan ki duba garuruwan da jirgin zai tsaya. In Marseille da Genoa da Civitavecchia da Palma ne, duk cikin Schengen kuke, wato ƙasashen Turai da biza ɗaya ke aiki a cikinsu. In akwai Tunis a ciki, kun fita ke nan, kuma bizar shiga sau ɗaya za ta iya ba ku matsala wajen dawowa.

Maman Khalifa: Takardun jirgin suna hannun ƙanin maigidan, shi ya san wannan. Maganar sokewa ban tabbata ba, na ga dai sun riga sun cire kuɗin. Kuma wallahi kafin katin ya yi aiki sai da na sha wahala, bankina ya yi ta ƙin biya, sai wani ɗan uwa ne ya biya da katinsa na dala na tura masa naira. In na ce a soke, ta hannunsa kuɗin za su dawo, kunyar sake damunsa nake ji. Ɗakin babba ne, gado huɗu ne a ciki, shi ya sa na ga ya dace da mu.

Hajiya Rabi Kaduna: Ɗaki ɗaya? Ke da maigida da mahaifiyarsa? Haba Maman Khalifa. Hajiya ba za ta faɗa miki ba amma ba za ta sake ba, ke ma ba za ki sake ba. Banɗaki ɗaya fa. Ɗaki biyu za a kama, ke da Hajiya, shi da Khalifa. Ni surukata ko a Makka ba ta yarda mun haɗa ɗaki ba, kuma har ta koma ga Allah tana yaba min a kan hakan, duk da dangin mijina ba abin da ba su faɗa ba wai ina ɓarnar kuɗin ɗan uwansu.

Maman Khalifa: Anti Rabi, yuro fa ake biya. Kwana uku ne kawai, barci kaɗai zai kai mu ɗakin. Ni da Hajiya ba mu da irin wannan matsalar, shekara da shekaru gida ɗaya muke.

Zeinabou Damagaram: Me zai hana ku kama gida gaba ɗaya mai ɗaki biyu da kicin? Haka muka yi a Faransa. Ki tafi da garin kunu da yaji da kuka, ki dafa wa tsohuwa abin da ta saba.

Alhaji Sabo Mai Tayil: A'a. Faransa daban. A Barcelona gidajen hayar baƙi su ne abin faɗa, mutanen gari na cewa su suka tsauwala kuɗin haya. A 2024 magajin garin, Jaume Collboni, ya sanar cewa zuwa ƙarshen 2028 za a daina ba su lasisi gaba ɗaya, kuma a shekarar aka yi zanga-zangar da aka riƙa fesa wa baƙi ruwa. Akwai masu bayarwa ba lasisi. Bayan haka jirgi da sassafe yake sauke mutane, zuwa tara ko goma kowa ya fita, ɗaki kuma sai biyu ko uku na rana ake bayarwa. Otal zai karɓi kayanku ya ajiye, Hajiya ta zauna a falonsu ta miƙe ƙafa. Gidan haya wa zai buɗe muku? A titi za ku zauna da akwatuna. Kuma ki ware kuɗin harajin baƙi, a otal ake karɓa, kowane mutum kowane dare. Na birnin kaɗai yuro 4 aka mai da shi a Oktoban 2024, ban da na gwamnatin Kataloniya, kuma ƙaruwa yake yi. Yaro ɗan 16 zuwa ƙasa ba ya biya.

Sadiq Barça: Anti don Allah ki kai Khalifa Camp Nou, filin wasan ƙwallon Barcelona, ko gidan tarihin kulob ɗin ya gani. In a wajen Sants kuka sauka kusa ne, ga jirgin ƙasa daga nan zuwa filin jirgi.

Musah Kumasi: Jirgin ƙasan nan a ɓangare na biyu na filin jirgin (T2) yake tsayawa, yawancin jiragen nesa kuma daga ɓangare na ɗaya (T1) suke tashi, sai an sake hawa bas. Da tsohuwa da kaya tasi ya fi. Maman Khalifa, abu mai sauƙi: ki rubuta wa otal ɗin da kika kama ki tambaye su abu uku, ko lif yana farawa daga ƙasa, ko tasi na zuwa ƙofa, ko za su mai da ɗakin ya zama biyu ki cika kuɗi. In kin turo min sunan titin zan gaya miki yadda wurin yake.

Maman Khalifa: Na gode Malam Musah. Na nuna wa maigidan duk abin da aka rubuta, ya ce tunda an biya a bar shi haka, Hajiya ma ta ce ita tana hawa benen gidanmu kullum. Ni dai har yanzu zuciyata ba ta kwanta ba. A hoton na ga kamar akwai lif.

Alhaji Sabo Mai Tayil: Kamar akwai ba akwai ba ne. Kuma har yanzu ba ki faɗi ƙarfe nawa jirginku na dawowa zai tashi ba. In na asuba ne, daren ƙarshe ma a kusa da El Prat ya kamata ku kwana.

Ummu Sudais: Kusa da filin jirgi ba abin da za su samu su ci, Alhaji.

Fati Gombe: Don Allah Maman Khalifa, shi jirgin ruwan nawa ne kuɗin mutum ɗaya, kuma ta wajen wa aka yi muku biza?