Harsashin leza a fim ɗinmu ya fito kamar an ja layi da biro, ina mafita?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mu biyar ne a Zariya muke haɗa gajeren fim na masoya Star Wars, fim ɗin nan na yaƙin sararin samaniya, minti 7, ba don sayarwa ba, sha'awa ce kawai. Da waya muka ɗauka, ni nake tacewa a manhajar KineMaster. Sutura da bindigogi mun haɗa su da kwali da bututun roba, duk wanda ya gani sai ya yaba. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen harbi. Na ja jan layi daga bakin bindiga zuwa ƙirjin wanda aka harba, na sa masa ɗan ƙyalli, amma in ka kalla sai ka ga kamar a kan gilashin waya aka liƙa shi, ba a cikin wurin yake ba. Takobin haske ma haka. Faɗan da rana tsaka muka ɗauke shi a wani fili bayan gari. Wata 3 muna kan aikin nan, ba na so a nan ya lalace. Manhaja zan canza, ko tocilar leza ta gaske zan saya mu haska? Don Allah a taimaka.

Mai Editin:
Wa alaikumus salam ƙanena. Fara da launin. Ka ɗauki hoton kwan lantarki ko wutar mai walda da wayarka: tsakiyar fari fat take fitowa, launi a gefe yake tsayawa, domin hasken ya fi ƙarfin idon kyamara. Jan layi zalla fenti ne. Ka yi siririn farin layi a tsakiya, a ƙarƙashinsa ka sa jan layi mai ɗan dishi-dishi, ƙarƙashin wannan wani ja mai faɗi da ya fi bazuwa, sannan na ƙarshe wanda da ƙyar ake ganinsa. A wurin haɗa shimfiɗun layukan nan da hoton ka zaɓi saitin da ake kira Screen, shi ke sa haske ya hau kan hoto maimakon ya rufe shi. Kuma kada layin ya haɗe bindiga da mutum a lokaci guda. Guntu za ka yi, ya ratsa a firem 3 ko 4 (firem shi ne hoto ɗaya cikin jerin hotunan da ke haɗuwa su zama bidiyo), da walƙiya a bakin bindiga na firem 1 ko 2.

Mai Kyamara Tun Zamanin Kaset:
Abin da Malam Mai Editin ya faɗa daidai ne, amma ɗana, ko ka yi duk wannan ba za ka gamsu ba, don ciwon ba a wurin tacewa yake ba. Tun ranar ɗauka aka yi kuskuren.

Ka kunna ashana a ɗaki mai duhu ka duba. Ba harshen wutar kaɗai kake gani ba, yatsunka sun yi ja, bango ya ɗauka, inuwa ta motsa. Idon mai kallo ya saba da haka tun yana jariri. In jan haske ya wuce ta gaban fuskar mutum amma kuncinsa bai canza ba, rigarsa ba ta canza ba, ƙasa ba ta canza ba, nan take zuciya za ta ce ƙarya ne, ko da mai kallon bai san dalili ba.

Ga kuma rana tsaka. Farar sama da farin yashi sun riga sun kai maƙurar hasken da waya ke iya ɗauka, babu sauran gurbin da lezarka za ta fi su haske. Shi ya sa take zama kamar zane.

Shawarata ku sake ɗaukar fagen faɗan. Na san da ciwo, amma shi ne magani. Ku je da la'asar sakaliya zuwa dab da magariba, ko ku samu kango ko gareji mai duhu-duhu. Ka naɗe bakin tocila mai ƙarfi da jar leda, wani ya tsaya inda kyamara ba ta ganinsa, da an ce harba ya ƙyasta ta a fuskar mai harbi, wani kuma ya ƙyasta wa wanda aka harba. Takobin kuwa, ka zura zaren ƙananan fitilu a cikin farin bututu mai barin haske ya fito, shi zai riƙa haska hannu da fuska da kansa, kai sai ka ɗora zanenka a kai. Gwada fitilun a kyamara tukuna, wasu masu araha suna kyafta ido a bidiyo. Ka kafe wayar a kan abin ɗora kyamara mai ƙafa uku, ka kulle saitin haskenta, in ba haka ba duk sanda tocila ta haska za ta rage hasken hoton da kanta ta ɓata maka aiki.

Su kansu masu fim ɗin Star Wars na farko na 1977 ba iska 'yan wasa suka riƙe ba. Sanda ce aka lulluɓe da wani abu mai mayar da haske, daga baya aka bi ta da zanen hannu firem bayan firem.

Uwar Biyu:
Ni maganar tocilar leza ce ta tsaya min a rai. Don girman Allah ƙanena kada ku saya. Mai koren hasken nan da ake sayarwa a kasuwa, wasu ƙarfinsu ya wuce abin da aka rubuta a jikinsu, kuma tana iya ƙona cikin ido kafin mutum ya ƙifta, tabon ba ya gogewa. Tana kashe idon kyamara ma. Ba ta ma biyan buƙata: a iska mai tsabta ɗigo kawai za ka gani a bango, layin ba ya fitowa sosai sai da ƙura ko hayaƙi. A fagen faɗa inda kowa ke juyi da gudu, wa zai tabbatar ba ta faɗa idon ɗan wani ba?

Na Kabala:
In kuna da kwamfuta ku koma manhajar After Effects, akwai wani ƙari da ake sa mata mai suna Saber na kamfanin Video Copilot, kyauta ne, don wannan aikin aka yi shi.

Mai Editin:
Saber kyauta ne amma After Effects na kuɗi ne duk wata, kuma yana son kwamfuta mai ƙarfi. Manhajojin Blender da DaVinci Resolve ba sai ka biya ba. Ka tuna yaran nan na Kaduna masu haɗa fim, The Critics, da duniya ta san su a 2019: waya mai fasasshen gilashi, koren yadi da Blender suka fara da su, har J.J. Abrams, daraktan fim na Amurka, ya aiko musu da kayan aiki a 2020. Ni dai ina bayan Baba Mai Kyamara, a gyara ɗauka kafin a yi zancen manhaja.

'Yar Sauti:
Ba wanda ya taɓo kunne. Ben Burtt, wanda ya haɗa sautukan fim ɗin na asali, ƙarar bindigar ya samo ta ne da ya bugi wayar ƙarfen da ke ɗaure da dogon turken rediyo. Kai ma ka rataya dogon siririn sifirin, ka ɗaura kofin roba a samansa, ka kanga makirfon waya a bakin kofin, ka ɗan bugi ƙasan sifirin da cokali. Sautin ya faɗo daidai kan firem ɗin walƙiya. Wurin da harsashi ya sauka kuma ya samu tasa ƙarar, da tartsatsi da ɗan hayaƙi. Turaren wuta a kasko ka ɗauke shi a gaban baƙin yadi, ka ɗora da Screen, baƙin zai ɓace hayaƙin ya rage.

Ɗan Tudun Wada:
Allah ya saka da alheri, Anti na fasa sayen tocilar. Na karanta wa abokaina, mun yarda mu sake ɗauka ranar Asabar a wani kango. Baba, tambaya ɗaya: sauran fagagen da rana muka ɗauka, ba za a ga bambanci ba?

Mai Kyamara Tun Zamanin Kaset:
Za a gani, sai ka ba shi dalili a labarin. Ɗauki hoton faɗuwar rana na daƙiƙa 3 ka sa kafin faɗan, ko a nuna su suna shiga kangon. Hasken yamma gudu yake yi, kowane minti 10 yana canzawa, don haka ku gama atisayen faɗan tun da azahar, ku fara da ɗauka mai faɗi, na kusa da fuska su zo ƙarshe tunda tocila ce za ta haska su. Ka turo mana daƙiƙa 10 na farko in ka haɗa mu duba.