Masu zuwa aiki a keke, wane irin titi kuke bi?

Ɗan Kurna: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin adaidaita yake neman fin ƙarfina. Ina so in sayi keke in riƙa zuwa shago a Sabon Gari. Waɗanda ke hawa kullum, a gida ko a waje, don Allah ku ba mu labarin yadda titi yake muku.

Tela a Zoo Road: Wa alaikumus salam. Ni na hau, na kuma jingine shi. Ba gajiya ce ta sa ba, Kano ai a shimfiɗe take. Gefen titi ne babu naka. Nan ɗan adaidaita ya sha gabanka zai ɗauki fasinja, ko sigina babu. Gaba kaɗan mai lemo ya kafa tebur. Ka kauce masa ka faɗa cikin yashin da ya taru, taya ta zame, ga kuma lambatu a buɗe ta hannun dama. Shataletale kuwa sai addu'a, don masu mota ko ganinka ba sa yi. Gadojin saman nan duk don mota aka yi su.

Ɗaliba a Utrecht: Malam Tela, sannu. Ni a gida ban taɓa hawa ba, kun dai san irin kallon da ake yi wa mace a keke. A nan Holan na koya, kuma ba don na fi kowa zuciya ba. Hanyar keke jan kwalta ce, a manyan tituna akwai dakali tsakaninta da motoci, a mahaɗa kuma tana da danjarta daban. Za ka ga tsohuwa da cefanenta a kwando, ko uba da yara biyu a akwatin gaban keke. A tashar jirgin ƙasa ta Utrecht akwai wurin ajiya hawa uku mai cin keke 12,500, awa 24 na farko kyauta. Su ma ba haka suka taso suka tarar ba. A 1971 mota ta kashe mutum sama da 3,000 a ƙasar, fiye da 400 yara ne, iyaye suka yi ta zanga-zanga har aka sake fasalin titunan.

Mai fatauci zuwa Wagadugu: Hajiya, kar a ce sai Turai. A Wagadugu manyan tituna da dama an ware wa masu ƙafa biyu hanyarsu a gefe, mata na tuƙa keke da kaya niƙi-niƙi ba mai waiwayarsu. Illar dai babura ma nan suke bi, sai ka yi ta jin hon a ƙeyarka. Amma gara babur da tirela.

Tela a Zoo Road: In fenti kawai za a shafa mana a ce hanyar keke ce, wallahi kafin la'asar ta zama wurin fakin.

Mai kai saƙo a Paris: Gaskiyarka, Malam. Keke ne sana'ata a nan. Inda aka ja layi da fenti kaɗai, motar sauke kaya na tsaye a kai, dole ka koma tsakiyar motoci. Inda aka jera kankare kuwa hankalinka kwance. Titin Rivoli tun 2020 aka hana yawancin motoci bi, kuma daga 2021 mafi yawan titunan birnin ba a wuce kilomita 30 a awa. Wannan rage gudun shi na fi ji a jikina.

Malamin makaranta a Damagaram: Duk kun manta rana. A watan Afrilu zafi na haura 40, kwalta kamar tanda. Hanyar da nake bi ta fi tsawo, amma dogonyaro ne jere, kuma akwai mai faci a kwana. Duk wanda zai zana mana hanyar keke ya fara da shuka itace. Sai ɓarayi: nawa na farko a ƙofar kasuwa aka ɗauke, babu ko ƙarfen da zan ɗaure shi.

Ɗan Kurna: Na gode ƙwarai. To in na guje wa titin Katsina na bi ta lunguna fa?

Tela a Zoo Road: Ya fi, sai dai da damina za ka sha taɓo. Ka fito kafin bakwai, ka sa ƙararrawa mai ƙara, ka kuma nemi mai shagon da zai bari ka shigar da shi ciki.