Injin casa ya raba ƙanena da yatsu uku: yaya lauya yake tunkarar irin wannan magana?

Ɗan Kura:
Assalamu alaikum. Ƙanena yana aikin yini a wani injin casar shinkafa a yankinmu na Kura. Bel ɗin injin, wanda ba a yi masa murfi ba, ya kama hannunsa na dama, har aka cire masa yatsu uku a asibiti. Mai injin ya biya kuɗin ɗinki, ya riƙe ladan aikinsa na makonnin baya, sannan ya aiko da takarda a sa hannu cewa an yafe komai. Dattawa sun ce ƙaddara ce, a yi haƙuri. Ina roƙon masana su bayyana mini ko wanda ba shi da takardar ɗaukar aiki yana da haƙƙi, da kuma yadda lauya zai ɓullo wa lamarin.

Lauya daga Kano:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba shi lafiya. Da farko, kada ya sa hannu ko ya dangwala a kan wannan takarda. Idan aka kawo mini irin wannan magana, hujja nake fara tsarewa: rahoton likita, rasit na magani, hoton injin kafin a yi masa murfi, da bayanin waɗanda abin ya faru a gabansu, domin abokan aiki sukan ja baki da zarar sun ji abincinsu zai taɓu.

Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta haɗa da mai aikin wucin gadi da ɗan koyo, ko da yarjejeniyarsu ta baka ce. Ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da yake biya a asusun NSITF, wato hukumar gwamnatin tarayya da ke biyan diyyar ma'aikatan da suka ji rauni a wurin aiki. Ma'aikaci yana sanar da ubangidansa raunin da ya ji cikin kwana 14, kuma ana shigar da neman diyya cikin shekara guda, saboda haka jinkiri yana da illa. Injinan ƙauye da yawa ba su yi rajista da NSITF ba, amma hakan bai wanke mai injin ba, tunda barin bel a buɗe sakaci ne da ake iya kai ƙara a kansa gaban Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda take da reshe a Kano. Ladan da aka riƙe ma a can ake nemansa.

Dattijo daga Auyo:
Barista, na ji bayaninka, amma mai injin nan maƙwabcinsu ne, a masallaci ɗaya suke salla, kuma shari'a takan ɗauki shekaru. Ni a ganina sulhu alheri ne. Sai dai ban yarda a fake da ƙaddara a danne yaro ba, domin fiƙihu ya san diyyar gaɓoɓi, har ya ƙayyade raƙuma 10 ga kowane yatsa.

Lauya daga Kano:
Baba, ba mu saɓa ba, kuma ita kanta kotun tana da cibiyar sulhu. Nakan fara rubuta wa mai injin wasiƙa, in nemi zama gaban dagaci ko limami. Abin da ba na yarda da shi shi ne sulhun da aka auna da kuɗin ɗinki kawai, alhali saurayi ne da zai yi sauran rayuwarsa yana neman abinci da hannun da ba ya riƙe fartanya. Wannan asarar ake lissafawa, a rubuta adadin da ranar biya, shaidu su sa hannu.

Ɗan Kura:
Na gode ƙwarai, Barista da Baba. Damuwata ita ce ba mu da kuɗin ɗaukar lauya.

Lauya daga Kano:
Ka je ofishin Legal Aid Council, hukumar gwamnatin tarayya da ke taimakon marasa hali a shari'a, tana da ofis a Kano. Akwai kuma lauyoyin da sukan karɓi wani kaso daga diyyar bayan an biya, amma ka tabbatar an rubuta kason tun farko, an karanta wa ƙanenka da Hausa. Hoton injin kuwa, a ɗauke shi yau.