Ƙiba Nokia ya yi ko kumburi?

Injiniya: Assalamu alaikum. Maganar da muka fara jiya bayan isha'i har yanzu tana cina. Ni dai ina nan a kan bakana: kamfanonin Turai da Amurka masu ƙera kayan sadarwa ba ƙiba suka yi da haɗiye juna ba, kumbura suka yi. A shekarar 2000 akwai Lucent da Motorola a Amurka, Nortel a Kanada, Alcatel a Faransa, Siemens a Jamus, Marconi a Ingila, ga Ericsson, ga Nokia. Yau in kamfanin waya zai kafa turken sabis, manyan da zai tunkara a ƙasashen Yamma biyu ne kacal, Ericsson da Nokia.

Alhaji: Wa alaikumus salam. Injiniya, ai lissafin naka ni yake goya wa baya. Su wa suka rage? Waɗanda suka saya. Ericsson ya ɗauki Marconi a cinikin da aka ƙulla a 2005. Nokia ya haɗa jari da Siemens a 2007, ya karɓi sashen Motorola a 2011, ya biya Siemens yuro biliyan 1.7 a 2013 ya sallame shi, sannan a 2015 ya taya Alcatel-Lucent a kan yuro biliyan 15.6. Wanda bai samu abokin haɗewa ba kuwa, ga Nortel nan. Ya durƙushe a Janairun 2009, aka yi watandarsa: Ericsson ya kwashi kaso a dala biliyan 1.13, Ciena da Avaya suka kwashi nasu, haƙƙin ƙirƙire-ƙirƙirensa aka sayar a 2011 a kan dala biliyan 4.5.

Malama: Alhaji, ka yi haƙuri, Nortel ba shaidarka ba ce. Kafin ya faɗi ai yana cikin waɗanda suka fi kowa saye. A 1998 ya sayi Bay Networks a kan kimanin dala biliyan 9, a 2000 ya ƙara da Alteon a kan dala biliyan 7.8, lokacin da farashin kamfanonin intanet ya yi tashin gwauron zabo. Da kasuwar ta karye, akasarin kuɗin suka bi ruwa. Mu masu aikin akanta mun san wannan ciwon: ranar ciniki ana tafi, bayan shekara biyu sai a zo ana goge lambobi daga littafi. Haka Ericsson ya sayi Vonage, kamfanin Amurka mai hidimar kira da saƙo ta intanet, a dala biliyan 6.2, aka kammala a 2022, amma a Oktoban 2023 ya rage kusan rabin wannan daraja daga lissafinsa.

Alhaji: Na Vonage na yarda, Malama. Wannan mai sayar da yadi ne ya shiga harkar siminti. Amma sayen ɗan layinku daban ne. Kowace shekara goma sai an sake salo, daga 3G zuwa 4G zuwa 5G, kuma kafin ka sayar da eriya ɗaya sai ka zuba biliyoyi a bincike. Kamfani takwas kowa na ƙona kuɗinsa a kan abu guda, masu saye kuma 'yan ƙalilan, kowannensu ya iya taya kaya. Ina ribar za ta fito?

Injiniya: Ranka ya daɗe, a takarda haka ne. Bari in faɗa maka yadda abin yake a gindin turke. Akwai damunar da aka kira ni wani ƙauye da tsakar dare, sabis ya ɗauke. Na buɗe akwatin na'urorin, janareta na ta ruri, fitilar kati ɗaya ta koma ja. Tambarin da ke jikin katin na kamfanin da aka riga aka saye ne, kuma wanda ya saya ya daina ƙera irinsa. Sai da muka ciro tsohon kati daga wani turken da aka rufe, kwana huɗu mutanen garin na hawa tudu neman sabis. Duk wanda ya sayi kishiyarsa sai ya wayi gari da kaya iri biyu masu aiki ɗaya, dole ya kashe ɗaya, ya koma yana canza wa kwastomomi na'urori. Shekaru ake ɗauka ana wannan aikin. Alcatel da Lucent sun haɗe a ƙarshen 2006, a 2008 shugabanninsu biyu, Serge Tchuruk da Patricia Russo, suka sauka, kuma kusan kowace shekara asara kamfanin ke bugawa. Shi kansa Nokia, yana tsakiyar narkar da abin da ya haɗiya 5G ta iso. A Oktoban 2019 ya dakatar da raba wa masu hannun jari riba, a 2020 kamfanin waya na Amurka Verizon ya ba Samsung kwangilar dala biliyan 6.6, a ƙarshen 2023 kuma takwaransa AT&T ya miƙa wa Ericsson ta dala biliyan 14.

Auta: Yaya Injiniya, ni ɗalibi ne, ina da tambaya. To Huawei fa? Wa ya saya har ya wuce su duka?

Injiniya: Madalla, Auta, nan nake son a zo. Ren Zhengfei ya kafa shi a Shenzhen a 1987, kuma babu wani babban kishiya da ya haɗiya. Injiniyoyi ya tara. A 2023 kaɗai ya kashe yuwan biliyan 164.7 a bincike, sama da kashi 23 cikin ɗari na cinikinsa.

Alhaji: A'a, a faɗi gaskiya duka. Ya so saye, hana shi aka yi. A 2007 ya shiga cinikin kamfanin Amurka 3Com tare da kamfanin zuba jari Bain Capital, a 2008 hukumomin Amurka suka taka birki saboda tsaro. Sannan yana da kasuwar gida mai mutum sama da biliyan ɗaya, ga bankunan gwamnatin Sin na ba kwastomominsa bashi mai sauƙi. Wanda ba shi da wannan gatan, in bai haɗa kai da maƙwabcinsa ba, da me zai tsaya?

Malama: A nan kam ina tare da Alhaji. Haɗewar ta hana su mutuwa, wannan ban musa ba. Abin da ban yarda ba shi ne a kira ta girma. Kuma ni damuwata tana wajen mai saye. Kamfanonin wayarmu da dala suke sayen waɗannan kaya, daga hannun mutum huɗu ko biyar: Huawei, Ericsson, Nokia, ZTE, sai Samsung a gefe. A Janairun 2025 hukumar kula da sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince a ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin ɗari.

Alhaji: Wannan ƙarin faɗuwar naira ce da tsadar man dizal suka jawo shi, kada a ɗora wa Nokia.

Malama: Su ne kan gaba, na yarda. Amma da masu sayarwa takwas ne, da mai taya kaya ya fi samun bakin magana. Ka duba ma wayar ƙarƙashin teku. Alcatel-Lucent ne ya shimfiɗa Glo-1 da ta iso Legas. Sashen ya koma hannun Nokia tare da sauran kayan, sannan a ƙarshen 2024 gwamnatin Faransa ta karɓi kashi 80 cikin ɗari nasa. Nokia kuma bai huce ba, a Fabrairun 2025 ya kammala sayen Infinera a dala biliyan 2.3.

Alhaji: To wannan shi ne cinikin da zai raba mu. Infinera ɗan layinsu ne, kayan wayar fayiba yake yi. In ya kawo riba, Injiniya, za ka dawo ka ce na yi gaskiya.

Injiniya: Zan dawo, Alhaji, in sha Allahu. Amma ba littafin ribar kaɗai zan duba ba. Zan ƙirga na'urori nawa aka daina ƙerawa, da kwana nawa ake jira kafin kati ya iso.