Da gaske ne kifi ba ya girma ya wuce girman tankinsa?

Baban Yara: Assalamu alaikum jama'a. Tankina na gilashi tsawonsa santimita 60, faɗi 30, tsayi 30. A ciki akwai kifayen ado: gwalfish uku, anjel biyu, taiga bab huɗu, gupi shida da fileko ɗaya, wato mai lasar gilashin nan. Ina so in ƙara niyon tetira goma. Wanda ya sayar min ya ce in kwantar da hankalina, wai kifi ba ya girma ya wuce girman mazauninsa. Haka ne?

Mai Shagon Kifi: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ni dai abin da idona ya gani zan faɗa. Gwalfish ɗin da aka bari a ƙaramin tanki yakan shekara bai wuce tsawon yatsa ba, ɗan'uwansa da aka kai kududdufin siminti kuwa ya kai tafin hannu. Ka ga maganar tana da tushe.

Malamar Kimiyya: Malam, abin da ka gani gaskiya ne, fassarar da ka yi masa ce ban yarda da ita ba. Wancan ƙaramin tsumburewa ya yi. Gurɓataccen ruwa da matsi ne suka danne girmansa. Gwalfish mai lafiya yana kai santimita 20 zuwa 30, yana kuma wuce shekara goma a raye. Sannan ba kowane kifi ne zai tsaya ba. Filekon da aka fi sayarwa a kasuwa yana wuce santimita 30, kuma zai ci gaba da tsawo har juyawa ta gagare shi a tankin da faɗinsa 30 ne.

Mai Tarwada: Hajiya, ki yi haƙuri in sa baki. Ni kiwon tarwada ne sana'ata. A tankin roba ɗaya ina zuba ɗaruruwa, suna ci suna girma har in fitar da su kasuwa. Kifi goma sha shida 'yan mitsi-mitsi ne za su gagari tankinsa mai lita 54?

Malamar Kimiyya: Alhaji, sau nawa kake sauya musu ruwa?

Mai Tarwada: In sun tasa, kusan kullum. In ba haka ba warin ma ba zai bar ka ka tsaya kusa ba.

Malamar Kimiyya: To ka ga amsar. Kuma tarwada Allah Ya hore mata wata gaɓa a cikin kai da take shaƙar iskar sarari da ita, shi ya sa take rayuwa a taɓo. Niyon tetira ba ta da wannan. Abin da ya narke a ruwa na oksijin shi ne kaɗai rabonta. Kai kuma watanni kaɗan kake riƙe naka ka sayar, shi kuwa Baban Yara shekaru yake so su yi a falonsa.

Ɗalibi: Yaya, ni na karanta cewa ƙa'idar ita ce inci ɗaya na kifi ga kowane galan na ruwa, wato santimita 2.5 ga wajen lita 3.8. Ba sai a bi ta a huta ba?

Injiniya: Ƙanena, ƙa'idar tana aiki ne ga ƙananan kifaye sirara kawai, kuma da tsawon da za su kai in sun girma ake lissafi, ba tsawonsu na ranar saye ba. Kifin da ya ninka wani sau goma a tsawo, in fasalinsu ɗaya, ya ninka shi wajen sau dubu a nauyi. Ci da kashi kuwa nauyi suke bi. Bari ma mu bi ƙa'idar taka. Tankin nan in ka cire tsakuwa da gurbin da ake bari a sama, ruwan bai fi lita 45 ba, kusan galan 12, wato santimita 30 na kifi gaba ɗaya. Gwalfish ɗaya tal ya cinye kason.

Mai Shagon Kifi: Injiniya, kun manta da matata, wato na'urar tace ruwan tanki. In ya sa babbar matata da famfon iska, ya zuba tsirrai, tanki yana ɗaukar ninkin abin da littafi ya ce. Ku zo shagona ku gani.

Injiniya: Na yarda matata tana ƙara wa tanki ƙarfi, ba na musu. Amma mu duba yadda take aiki. Kifi yana fitar da amoniya, wadda guba ce. Bakteriyar da ke zaune a cikin soson matata ita ke mayar da ita naitirait, shi ma guba ne, sannan wata ta mayar da shi naitiret mai sauƙi, wanda ake ragewa da sauyin ruwa. Kafin bakteriyar ta kafu a sabon tanki sai an yi mako huɗu zuwa shida. Kuma oksijin take buƙata, sai ruwa yana ratsa soson. To a gidan Baban Yara awa nawa ake samun wuta? Kai kana da sola a shago, kifin ma ba ya daɗewa a hannunka. In aka ɗauke wuta tun magariba har wayewar gari, matata ta tsaya, famfon iska ya tsaya, tsirran da ka ce su ma da dare oksijin suke ja. Ni a wurina, a ƙasar nan yawan kifi ana auna shi ne da abin da tanki zai iya riƙewa in babu wuta.

Malamar Kimiyya: Ƙara da zafi. Ruwa mai digiri 20 a ma'aunin Selsiyas yana riƙe oksijin wajen miligiram 9 a lita, a digiri 30 ya sauka zuwa wajen 7.5, alhali a zafin ne jikin kifi ya fi buƙata, amoniya ma ta fi illa. A watan Afrilu a Kano ko Maraɗi, ruwan tanki ya kai 30 ba abin mamaki ba ne. Baban Yara, da asuba yaya kake samun su?

Baban Yara: Wallahi a sama nake tarar da su, baki a buɗe suna haki, har da gupin. Sai wuta ta dawo suke sauka. Anjel ɗin kuma jelarsu duk ta yayyage kamar ɓera ya ci tsumma.

Malamar Kimiyya: Subhanallah. Hakin nan ƙarancin oksijin ne ko guba ta ƙona musu hanyar numfashi. Jelar kuwa aikin taiga bab ne. Halinsa ke nan, in ba su kai shida ko takwas sun shagala da junansu ba, sai su koma cizon mai doguwar jela. Anjel ɗin ma ba salihi ba ne. Tsayinsa yana kai santimita 20, kuma in ya girma, niyon tetirar da kake son ƙarawa daidai bakinsa take. Gwalfish kuma ɗan ruwan sanyi ne daga Sin, ya fi jin daɗi tsakanin digiri 18 da 23, sauran duk 'yan ruwan ɗumi ne. Ko da tankin ya ninka haka sau uku, wannan haɗin bai dace ba.

Mai Tarwada: A nan kam na bi bayanki. Mu ma muna ware manya da ƙanana, in ba haka ba babba ya haɗiye ƙarami.

Mai Shagon Kifi: Batun haɗin na yarda. Batun yawa ne har yanzu nake ganin kun tsananta. Mutum ya kashe kuɗinsa, ba zai so ya zauna yana kallon ruwa zalla ba.

Ɗalibi: To namu na gida fa? Na ji kifin kiribensis asalinsa daga kudancin Najeriya da Kamaru ne. Ba zai fi jure yanayinmu ba?

Injiniya: Ɗan ƙasa ne, kuma yana da kyau, macen cikinta ja ne. Yana kai santimita 8 zuwa 10. Sai dai in suka yi ƙwai a cikin kogo, mace da namiji za su mamaye ƙasan tankin su kori kowa. A tsawon santimita 60 babu inda sauran za su gudu. Sai dai a bar musu tankin su kaɗai.

Baban Yara: To yanzu me zan yi? Yara sun shaƙu da gwalfish ɗin.

Malamar Kimiyya: Yau ɗin nan ka sauya kashi ɗaya cikin uku na ruwan, kuma ka rage abinci zuwa sau ɗaya a rana. In ruwan famfo ne ka sa maganin kashe kulorin, domin kulorin yana kashe bakteriyar matata. Soson ma da ruwan da ka ɗebo daga tankin za ka wanke shi. Ka nemi famfon iska mai batir. Gwalfish da fileko a nema musu kududdufi ko babban tanki, anjel da taiga bab a mayar. Ka bar gupi, amma ka sani mace tana haihuwa kusan duk wata, don haka maza zalla sun fi sauƙi. Shida zuwa takwas sun ishe ka.

Mai Shagon Kifi: Ni na ce sha biyu ma za su zauna in yana sauya ruwa duk mako. Alhaji, ka kawo anjel da taiga bab ɗin shago gobe, zan karɓa in ba ka famfon batir a madadinsu.

Injiniya: Ya fara da shidan da yake da su. In bazara ta wuce bai ga ko ɗaya yana haki da asuba ba, sai a sake zama kan sha biyun.

Mai Tarwada: Ina da tankin roba mai lita 1000 da ba na amfani da shi, yana ƙarƙashin inuwa. Ka turo a ɗauka, ka kafa wa yara a tsakar gida su ci gaba da ganin gwalfish ɗinsu. Sai dai ka rufe samansa da raga saboda ƙananan yara da kyanwa.

Baban Yara: Allah Ya saka da alheri. Bayan la'asar zan turo ɗan sahu ya ɗauko.