Shawarwarin masu aikin gini a Jidda

Daren Juma'a wajen shan shayi, hirar 'yan uwanmu masu aikin gini a Jidda ta koma kan haɗurra. Wani dattijon birkila, da muke kira Baba, ya nace kan rana: daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba doka ta hana aiki a fili daga ƙarfe 12 zuwa 3, kuma jiri a saman bene ba ya sallama. A sha ruwa tun kafin ƙishi. Igiyar tsaro kuwa a maƙala ta jikin ƙarfe, rataya ta a kugu kawai aikin banza ne. Hular kwano ba gardama, ko tana dafa kai. Iska in ta taso, a bar ƙarƙashin ƙugiya, wato dogon injin ɗaga kaya sama. Sai aka tuno wadda ta faɗo a Harami a 2015, wurin ya yi tsit.