'Yan biyuna sun dawo gida da wasan "Deir Ó Grádaigh"

Uwar 'yan biyu, Balbriggan:
Salamu alaikum iyaye. Yarana sun shiga firamare a watan Satumba, ajin 'yan shekara 5. Tun mako na uku suka dawo min da wani wasa. Ɗaya ya haye kujera ya ce "Deir Ó Grádaigh, cuir do lámh ar do shrón", ɗayan ya dafe hanci. Ni dai na tsaya da ludayi a hannu ina kallon ikon Allah. Ashe Airish ne, harshen ƙasar Ayalan da muke zaune, kuma malamarsu ba ta sa su rubuta komai, da wasa take koya musu launuka da gaɓoɓin jiki. Ga Hausa a gida, ga Turanci a waje, ga karatun allo ranar Asabar, yanzu kuma ga na huɗu. Ku da kuka riga mu, kan yaranku bai ɗaure ba?

Baban yara, Drogheda:
Wa'alaikumus salam Hajiya. Sai haƙuri, wannan ba gudu ba ja da baya. Kundin tsarin mulkin Ayalan na 1937 ya sa Airish a matsayin harshen hukuma na farko, kuma ana koyar da shi tun daga ajin ƙanana. Dokar wasan ita ce: in jagora ya fara da "Ó Grádaigh ya ce", a bi umarni. In ya ba da umarni babu wannan gabatarwa, duk wanda ya motsa ya fita.

Ni kaina ne ya ɗaure, ba na 'yata ba. Takardar da aka ba su ta ce hanci srón ne, ita kuma tana cewa wani abu kamar "hron". Kwana biyu ina gyara ta, har na fara zargin malamar. Ashe ni ne ban iya ba. Kalmar do, wato "naka", tana sauya sautin farkon kalmar da ta biyo ta: ceann, kai, ya koma do cheann, béal, baki, ya koma do bhéal, ana jinsa kamar da "v". Babu wanda ya zaunar da yarinyar ya yi mata wannan bayani. A bakin malama ta tsince shi, tana tsalle.

Mai taimakon aji, Galway:
'Yar'uwa, ina aikin kula da yara masu buƙata ta musamman a wata firamare, don haka kullum ina cikin wannan hayaniya. A zauren motsa jiki ana shimfiɗa zobba masu launi a ƙasa. Malama ta ƙwala "dearg!" kowa ya ruga ja, "buí!" a koma rawaya, "gorm!" shuɗi. Wata rana kuma "Feicim le mo shúilín" ake yi, wato "ina hango wani abu da ɗan idona", ta faɗi launinsa, yara su laluba aji da ido.

Abin da nake so ki lura da shi: Hausar gida taimako ce a nan. Lámh hannu ne tun daga yatsu har kafaɗa, cos kuma ƙafa ce dukkanta, daidai da yadda muke faɗa. Turanci ne ke raba su gida biyu. Haka kuma launi yana bin jinsin abu. Mu mu ce farar riga, farin wando. Su su ce léine bhán ga farar riga, hata bán ga farar hula. Yaron da ya saba da "jar hula, jan takalmi" wannan ba baƙon abu ba ne a kunnensa. Sannan dearg, yadda ake furta shi a nan yammacin Ayalan, kamar "jarag" yake fita. Na ce wa nawa ya riƙe "ja" ɗin farko, bai sake mantawa ba.

Inda suke ɗan tuntuɓe shi ne kore. Na ciyawa da ganye glas ne, na fenti ko tufafi uaine. Jan gashi kuma ba dearg ba ne, rua ne.

Maman Hajiya ƙarama, Tallaght:
Ni launukan ne suka jawo min tambayar da ban shirya mata ba. 'Yata 'yar aji biyu ta shigo mota ranta a ɓace, wai wani yaro ya ce ita shuɗiya ce. Na yi niyyar komawa ofishin makaranta a fusace, sai wata maƙwabciya 'yar ƙasa ta warware min. A tsohon Airish, baƙar fata duine gorm ake cewa, "shuɗin mutum", domin dubh, wato baƙi, in an jingina shi ga mutum gashinsa ake nufi, kuma "an fear dubh", wato "baƙin mutum", laƙabin Shaiɗan ne. Na ce mata ai mu ma muna cewa mutum ja ne, ko wankan tarwaɗa, kin taɓa ganin mai kalar tumatir? Ta yi dariya. Duk da haka na yi wa malamar magana, don yaron tsokana ya yi da shi.

Baban yara, Drogheda:
Kin yi daidai, Hajiya. Wani abu kuma da ba na so a wasan shi ne fitar da wanda ya kuskure. Ƙaramina mai kunya ne, kullum shi ne na farkon zama, wato wanda ya fi buƙatar maimaici shi ke komawa ɗan kallo. Malamar bana ta sauya: in ka kuskure sai ka zama mai ba da umarni.

Uwar 'yan biyu, Balbriggan:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya bayan magariba na juya musu wasan: "Kaka ta ce a kama kunne!" Hassan ya kama kunne yana ihun "cluas!" Husaini kuwa ya dafe ciki, ya ce shi bolg ɗinsa ne ke jin yunwa.